Haƙƙin Mallaka da Matsayin Makaɗin Baka a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Kowace shekara ɗaliban Hausa sukan fantsama cikin karkara domin tattaro waƙoƙi da tatsuniyoyi da kirari waɗanda za su gina kundayensu na neman digiri a kansu. A da da rikoda da kaset ake zuwa, yanzu kuwa wayar hannu ta wadatar. Ɗalibin da ya nufi ƙasar Rano, ya yada zango a Kahu cikin Ƙaramar Hukumar Kibiya, abin da zai nema shi ne irin wanda aka san karkarar Kano da shi, watau kiɗan noma, da waƙoƙin gaɗa na 'yan mata, da waƙoƙin daka da daɓe na matan aure, da tatsuniyar tsofaffi. Zai ɗauka, ya yi godiya, ya ba da ɗan goro, ya koma makaranta. Abin da ba safai ake tsayawa a tambaya ba shi ne, wannan abu da aka ɗauko na wane ne? Na wanda ya rera ne, ko na wanda ya ɗauka, ko na garin, ko kuwa na hukuma? Manufar wannan takarda ita ce ta duba amsar da dokar haƙƙin mallaka ta bayar, da wuraren da amsar ta saɓa da yadda Bahaushe ya saba ɗaukar fasaharsa.

Mallakar Fasaha Kafin Zuwan Doka

Kuskure ne a ce Bahaushe bai san mai fasaha yana da haƙƙi ba sai da Turawa suka zo. Malaman da suka rubuta waƙoƙi da ajami suna da ƙa'idodinsu. Marubuci yakan saka sunansa, wani lokaci har da na mahaifinsa da garinsa, a baitocin ƙarshe na waƙa, sa'an nan ya ɗaure shekarar da ya yi ta da ramzi. Duk wanda ya kwafi waƙar tilas ya kwafa har da wannan hatimi, domin yana cikin jikin waƙar, in aka cire shi sai ta yi giɓi. Haka kuma wanda yake son ya yi gini a kan waƙar wani yana da ƙofar da aka buɗe masa, ita ce tahamisi, inda zai ƙara ɗango uku a kan kowane baiti mai ɗango biyu ba tare da ya taɓa kalmomin mai waƙar ba. Ishiriniya da ake karantawa a ko'ina cikin ƙasar Hausa misali ce, domin asalinta na Alfazazi ne, tahamisin kuwa na Ibn Muhibu, kuma almajirai sun san da haka. A nan gida ma akwai Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi da Fillanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Hannu uku ke nan a kan waƙa guda, amma ba a bari aikin wani ya shige cikin na wani ba.

Abin lura shi ne, duk wannan tsari suna yake karewa, ba kuɗi ba. Ba wanda ya hana a kwafa. Yawan kwafar ma shi ne burin marubuci, tunda lada yake nema.

Makaɗan baka su ma haka abin yake gare su, sai dai ta wata fuska dabam. Makaɗin fada ko na jama'a ba sayar da waƙa yake yi ba. Yakan yi wa ubangidansa waƙa, a ba shi riga ko doki ko mota nan take, ciniki ya ƙare. Shi ya sa ake kiran waƙa da sunan wanda aka yi wa ita, a ce waƙar Sarki wane ko ta Alhaji wane. Idan waƙar ta bazu har yara suna rera ta a kan hanya, ubangida ya ji daɗi, makaɗi kuma ya sami sababbin masu gayyata. Watau a wancan tsari mai yaɗa waƙa talla yake yi wa makaɗi kyauta. Abin da makaɗa ba su yarda da shi ba shi ne wani ya ɗauki amshi ko kirarin da aka san su da shi ya ce nasa ne, kuma hukuncin wannan ba a gaban alƙali ake yanke shi ba, da zambo da habaici ake rama shi.

Zuwan Doka

Dokar haƙƙin mallaka 'yar maɗaba'a ce. An haife ta a Ingila cikin 1710 domin a raba gardama tsakanin marubuta da masu buga littattafai, kuma har yau kamannin mahaifarta ba su bar ta ba. Dokar Ingila ta 1911 ita ce aka shimfiɗo wa Nijeriya ta Arewa cikin 1912, ta ci gaba da aiki har bayan samun mulkin kai. Cikin 1970 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta maye gurbinta da dokar soja mai lamba 61. Wannan doka ba ta kafa wata hukuma da za ta sa ido ba, hukuncinta kuma bai taka kara ya karya ba, ga shi kuwa a zamaninta ne kaset ya shigo, ya zama kowa yana iya juye faifai a ɗakinsa. Koke-koken mawaƙa da marubuta da masu buga littattafai su suka kai ga dokar soja mai lamba 47 ta watan Disamba 1988, zamanin Janar Ibrahim Babangida. A ƙarƙashinta aka kafa majalisar kula da haƙƙin mallaka cikin 1989, wadda daga baya ta zama Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya. An yi wa dokar gyara cikin 1992 da 1999, sa'an nan aka soke ta baki ɗaya da sabuwar doka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu cikin Maris 2023.

Akwai wani dacen tarihi a nan. A cikin wannan wata na Disamba 1988 ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwaiti, ta yanke cewa haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira dukiya ce wadda shari'a ta kare, bai halatta a keta ta ba. Saboda haka mai cewa wannan al'amari na Nasara ne kawai, ba ruwan Musulmi da shi, bai binciki maganar ba.

Abin da dokar ta tanada a taƙaice shi ne, mai aiki shi kaɗai ke da ikon ya yarda a buga aikinsa, ko a kwafa, ko a fassara, ko a juya shi zuwa wasan kwaikwayo, ko a watsa shi a rediyo da talabijin da intanet. Ba sai ya yi rajista ba, haƙƙin yana tabbata da zarar aikin ya samu, kodayake hukumar tana karɓar rajista ga mai son ya riƙe shaida. Wa'adin rubutu da waƙa shi ne tsawon ran mai su da ƙarin shekara 70 bayan shekarar da ya rasu. Na fim da hoto da sautin da aka ɗauka kuwa shekara 50 ne. Alhaji Mamman Shata ya rasu cikin 1999, ke nan bisa wannan lissafi kalmomin waƙoƙinsa da karinsu suna hannun magadansa har ƙarshen 2069. Kotun da ke sauraron irin wannan ƙara ita ce Babbar Kotun Tarayya.

Inda Doka Ta Bar Makaɗi

Sai dai dokar ta gindaya sharuɗɗa biyu. Na farko, ya zamana mai aikin ya yi wani ƙoƙari da ya ba aikin kamannin kansa. Na biyu, ya zamana an adana aikin cikin wani mazubi, ko takarda ko faifai ko kaset ko ƙwaƙwalwar na'ura, inda za a iya komawa a same shi. Sharaɗi na farko bai dami makaɗin baka ba. Na biyun shi ne ƙashin bayan matsalar.

A ɗauka ga wani makaɗin noma a Kahu, ya ƙaga waƙa ranar gayya, ya rera ta shekara da shekaru, duk yankin an san tasa ce. Muddin ba a rubuta ta ba, ba a kuma ɗauke ta a na'ura ba, ba ta cika sharaɗin da doka za ta kare ta a matsayin aikinsa ba. Ranar da wani ya zo da na'ura ya ɗauka, ranar ce waƙar ta sami mazubi. To amma a wannan rana dukiya biyu ce ta samu, ba ɗaya ba. Akwai waƙar kanta, watau kalmomi da kari, wadda take ta makaɗi. Akwai kuma ɗaukar, watau sautin da aka naɗa, wanda doka take kallo a matsayin wata dukiya mai zaman kanta, kuma galibi yakan faɗa hannun wanda ya shirya ɗaukar. Makaɗin da bai san da wannan rarrabewa ba yana iya karɓar abin da ya ɗauka kyautar ubangida ce, alhali shi mai bayarwa yana ganin kuɗin saye ya biya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Manyan makaɗan Hausa na ƙarni na 20 ta wannan hanya suka bi. Shata da Ɗankwairo da Ɗan Maraya Jos ba da alƙalami suka tsara waƙoƙinsu ba. Abin da ya rage na muryoyinsu yana cikin fayafayan kamfanoni, da ɗakunan ajiya na gidajen rediyo irin su Rediyo Kaduna, da kaset-kaset na masu sha'awa, da abin da manazarta suka tara. Shata kansa ya zama abin nazari tun da wuri, domin a kansa Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana cikin 1975. Yau kuwa waƙoƙin nan sun cika YouTube da katin waya, kuma mai sauraro ba ya tambayar wanda ya ba da izinin ɗora su.

Wani labari daga Afirka ta Kudu ya nuna inda irin wannan sakaci yake iya kaiwa. Cikin 1939 wani mawaƙin Zulu mai suna Solomon Linda ya ɗauki waƙarsa Mbube a kamfanin faifai na Gallo, aka ba shi ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Waƙar ta haye teku, aka sake mata riga a Amurka, ta yi kasuwa a duniya, har ta shiga wani shahararren fim na kamfanin Disney cikin 1994. Shi kuwa Linda ya rasu cikin talauci tun 1962. Sai cikin 2004 aka shigar da ƙara a madadin magadansa, aka yi sulhu cikin 2006 aka fara biyan su. Abin sha'awa shi ne, makamin da lauyoyinsu suka riƙa wani sashe ne na dokar Ingila ta 1911, wadda ita ce ta yi aiki a ƙasar Hausa kusan shekara sittin.

Dokar Nijeriya dai ba ta bar makaɗi hannu rabbana ba. Ta ba mai wasa a bainar jama'a haƙƙi na musamman, cewa ba a ɗaukar wasansa ko a watsa shi sai da yardarsa. Ta kuma ce sallama haƙƙi ga wani ba ya inganta sai a rubuce. Har ila yau ta ce ko an sayar da aiki, haƙƙin a ambaci sunan mai shi yana nan, ba ya bin ciniki. Amma doka a takarda dabam, doka a kasuwar ƙauye dabam. Daga gonar gayya zuwa Babbar Kotun Tarayya da ke Kano tafiya ce mai nisa, ba don yawan mil ba.

Abin da Ba a San Mai Shi Ba

To ina matsayin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, da kacici-kacici, da waƙar gaɗa wadda ba wanda zai iya nuna wadda ta fara ta? Waɗannan an daɗe ana kwasarsu. Schön ya buga Magana Hausa cikin 1885, kuma da yawa daga abin da ke ciki daga bakin Dorugu ya fito. Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, tsakanin 1911 da 1913, alhali malamai ne suka rubuto masa da ajami. Littafin Rattray na 1913 kuwa Malam Shaihu ne ya rubuta abin da ke cikinsa. Ba za a ƙi gode wa waɗannan Turawa ba, domin ba don su ba da an yi asarar abu mai yawa. Amma sunan da ke bangon littafi shi doka ta sani, tsohuwar da ta ba da tatsuniyar kuwa ko sunan garinta ba a cika samu ba.

Ƙasashe masu tasowa sun yi ta kuka a kan haka, har cikin 1976 aka tsara wani samfurin doka a birnin Tunis wanda ya shigar da adabin gargajiya cikin abin da ake karewa. Nijeriya ta bi wannan sawu cikin dokar 1988, dokar 2022 kuma ta riƙe shi. An hana a kwafi adabin gargajiya, ko a watsa shi, ko a juya shi, idan don kasuwanci ne ko kuwa an fitar da shi daga muhallinsa na al'ada, sai da izini. An keɓe amfani na karatu da koyarwa, da wanda ya ari wani abu daga gargajiya ya gina sabon aiki nasa na kansa. An kuma wajabta wa mai bugawa ya ambaci al'umma ko wurin da ya samo abin.

Wannan tanadi yana da kyau, amma akwai abin dubawa a cikinsa. Ikon ba da izini ba a hannun mutanen garin aka sa shi ba, a hannun hukumar tarayya aka sa. Ke nan idan wani kamfani yana son ya yi talla da waƙar daɓe ta matan Kahu, Abuja zai nufa, ba ƙofar dagaci ba. Da wuya a ce wannan ya yi daidai da manufar da aka faro da ita, ta mayar wa masu abu abinsu.

Aro na Halas da Aro na Haram

Adabin Hausa na zamani da aro ya fara, kuma ba abin kunya ba ne. Lokacin da Abubakar Imam ya zauna rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito daga 1937, ya karanta Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin 'yan'uwan nan biyu na Jamus, watau Grimm, ya ɗebo abin da ya ɗebo. Ta fuskar doka ba shi da laifi, domin littattafan Larabcin sun yi ɗaruruwan shekaru, na ƙarshe cikin 'yan'uwan kuma ya rasu tun 1863. Duk sun zama gandun kowa. Ban da haka, doka ba ta kare tsurar ra'ayi ko jigo, yadda aka furta shi take karewa. Imam kuwa bai juye ba, ya narkar da abin da ya aro ne ya sake ƙera shi, har Bahaushe ya karanta ya ji kamar a unguwarsu aka yi.

Wannan ya bambanta da abin da ya biyo baya a finafinan Hausa. Tun daga Turmin Danya na 1990 sana'ar ta bunƙasa a Kano, kuma manazarta irin su Abdalla Uba Adamu sun nuna yadda wasu finafinai suka bi labarin finafinan Indiya fage bayan fage, wasu waƙoƙin kuma suka hau karin waƙoƙin Indiya. Daga baya aka shiga ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiyan kansu ana sayarwa. Nijeriya ta shiga Yarjejeniyar Ban ta 1886 cikin 1993, Indiya kuma tana ciki tun kafin nan, don haka fim ɗin Indiya yana da kariya a Kano kamar yadda na Kano yake da ita a Mumbai. Fassara shi ba da izini ba keta haƙƙi ne, kome daɗin fassarar.

Su ma 'yan fim sun ɗanɗana kuɗarsu. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya bayyana yadda kasuwar Ƙofar Wambai ta ginu a kan juye finafinan waje, da yadda finafinan Hausa suka gaji wannan hanya ta rarrabawa. A zamanin kaset mai fim yakan miƙa uwar kaset ga 'yan kasuwa su yi ta juyewa, shi kuma ya buga kwalaye ya sayar musu, sai ya zama a kwali haƙƙinsa yake, ba a kaset ba. Da faifan sidi ya zo, daga bisani kuma masu tura finafinai a waya suka bazu a kasuwanni da tashoshin mota, sai kwalin ya rasa amfani. Marubutan littattafan hikaya su ma suna kukan ana karanta littattafansu a YouTube, ko a yaɗa su a WhatsApp, ba da saninsu ba. Dokar 2022 ta buɗe musu wata ƙofa, domin ta ba mai haƙƙi damar ya rubuta wa masu kula da shafi ya nemi a sauke aikinsa. Ya kamata kuma a rarrabe, Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano da aka kafa cikin 2001 tarbiyya take dubawa, tambarinta ba shaidar mallaka ba ne.

Ɗalibi da Kayan Mutane

Ɗalibi yana da rangwame a doka, amma rangwamen yana da iyaka. An yarda a ɗebi wani abu daga aikin wani domin bincike ko nazari ko sharhi ko koyarwa, in dai an yi bisa adalci, an kuma ambaci sunan aikin da na mai shi. Dokar 2022 ta faɗi ma'aunin adalcin: a dubi manufar ɗibar, da irin aikin da aka ɗiba, da yawan abin da aka ɗauka in aka gwada da dukan aikin, da kuma ko ɗibar za ta kashe wa mai shi kasuwa. Wanda ya kawo baiti biyar na Imfiraji domin ya nuna salon Aliyu Namangi yana cikin hurumi. Wanda ya juye waƙar dukanta ya buga yana sayarwa ya fita. Haka nan ɗaukar hoton shafi kaɗan domin karatu dabam yake da juye littafi sukutum a shagon hoto a raba wa aji, abin da ya zama ruwan dare a jami'o'i, kuma yana daga cikin abin da ke karya gwiwar masu buga littattafan Hausa.

A nan ya kamata a raba abu biyu da ɗalibai suke cakuɗawa. Satar rubutu, watau mutum ya ɗauki maganar wani ya ce tasa ce, laifi ne ko da mai maganar ya shekara dubu da rasuwa. Keta haƙƙin mallaka kuwa yana iya faruwa ko an ambaci sunan mai aiki, idan abin da aka ɗauka ya wuce kima. Ambaton suna ba ya zama izini.

Wanda ya je Kahu ko wani gari ɗaukar waƙa, nauyin da ke kansa ya fi na mai zama a laburare, domin shi ne zai fara ba waƙar mazubi, kuma abin da ya rubuta a kanta shi zai zama hujja nan gaba. Idan ya rubuta "waƙar gargajiya" a kan abin da wani mutum sananne ya ƙaga, ya cire ta ke nan daga hannun mai ita da 'ya'yansa. Saboda haka sai ya tambaya tun a wurin, wa ya fara wannan waƙa, a bakin wa aka koye ta, ya rubuta sunan mai rerawa da 'yan amshinsa da gari da rana. Izinin da ba na sallamawa ba doka ta yarda a ba da shi da baki, don haka ya isa a farkon ɗaukar makaɗin ya faɗi sunansa da kansa, ya ce ya yarda a ɗauka domin karatu. In daga baya aka so a buga waƙar a littafi na sayarwa ko a ɗora ta a intanet, wannan wata magana ce sabuwa, sai an koma masa an sake neman yardarsa, a bar masa kwafen ɗaukar da na takardar da aka sa wa hannu.